Katin Ziyad a Cikin Gilashi

Duk faɗin Limawa, kai, har Dutse baki ɗaya, ba a taɓa yin masanin doka kamar Alhaji Jaji mai gidan burodi ba. Shi da bakinsa ya tabbatar mana. Mutanen unguwa kuwa suka raɗa masa Alhaji Sashe-na-Biyu, don ko gaishe shi ka yi, sai ya kawo maka sashen da ya halatta gaisuwar.

Ka shiga ofishinsa ka sha kallo. Bango cike da takardu cikin gilashi: ta karramawa, ta saukar karatu, har da ta rigakafin da aka yi masa zai tafi Makka.

To, da ya ɗauko Ziyad daga Sudan, gwanin gashin burodi, aka yi wa baƙon katin izinin zama da aiki. Alhaji ya karɓe, ya sa masa gilashi, ya rataye a tsakiya.

Sau uku Ziyad yana tuni: "Alhaji, katin nan sabunta shi ake yi fa. In ya ƙare, gida za a mai da ni."

"Bawan Allah, kama kwaɓinka," in ji Alhaji. "Takardar da ta shiga gilashina ta gama wahala. Ka taɓa jin an sabunta digiri?"

Ana nan, sai ya gayyato jami'an shige da fice da kansa, wai su zo su koyi yadda ake ɗaukar ma'aikaci. Ya tsaya gaban bango yana jawabi. Shugabarsu, Hajiya Mashkura, ta gyara tabarau, ta matsa kusa.

"Ranka ya daɗe, katin nan wata bakwai ke nan da ƙarewa. A aljihun mai shi ake ajiye shi, ba a bango ba. Sabuntawar kuma a wuyanka take."

Aka dakatar da Ziyad. Mako uku Alhaji yana zarya ofishinsu, da kansa kuma yake kwaɓi. Mai shayin unguwarmu ya tokare ƙafar tebur da burodin da Alhaji ya gasa, har yau bai motsa ba.

Allah ya taimaka, aka sabunta. Ziyad ya cusa katinsa can cikin aljihu, ya koma bakin tanda.

Takardar gargaɗin da aka ba Alhaji kuwa, tana nan a tsakiyar bango, cikin gilashi.

"Ku dubi hatimin nan," yakan ce wa baƙi. "Ba kowa suke rubuta wa ba."