Lambar Nijar a Ajinmu

A ajin da mu 'yan kasuwar bakin iyakar Jibiya muke koyon hukunce-hukuncen ciniki a zauren waya, ni na naɗa kaina mataimakin malam. Ba wanda ya roƙe ni.

Rannan wata lambar Nijar marar hoto ta yi tambaya kan sayar da gero tun yana gona. Na gyara murya na tura saƙon murya: "Yaro, wannan mun wuce shi tun bara. Ka riƙa sauraron manya."

Aji ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinina ne.

Washegari a tashar motocin Maraɗi na hango surukina, na tuɓe takalma na durƙusa. Ya zaro wayarsa ta biyu, wadda yake shiga Nijar da ita, ya kunna muryata a gaban direbobi. Har na fara tunanin wa zan tura biko.

Sai ya bushe da dariya. "Tashi, babba. Yaro ya ji."

Sannan na miƙe na saka takalmana.

Har yau in na je gaishe shi, sai ya dubi jikokinsa ya ce, "Ku yi shiru, manya sun iso."