Kwana Uku Ba Takalmi a Bobigny

Jama'a, daga gadon asibiti nake rubuto muku wannan makon, ƙafafuna biyu a naɗe kamar dawo. Wani sarkin Jamus da ya mutu tun shekara ɗari tara ne ya ja mini.

Takardar zamana ta kusa mutuwa, kuma patron, wato maigidanmu na wurin ɗaukar kaya, ya ce in ba sabuwa ran Litinin, kada ya ga ƙeyata. Sati biyu ina sammako ofishin takardu na Bobigny. Tiken shiga hamsin suke rabawa kullum, mu kuwa mun fi ɗari uku. Ba na ƙorafi, Allah ya sani. Masu Girma sun kafa wani ƙaton allo mai wuta da ke cewa an kawo ƙarshen dogon layi, kuma daga ƙarshen layin ma ana iya karanta shi tsaf. Taga takwas suka gina mana, shida na hutu.

Ran Lahadi na kira maƙwabcina na da, Malam Chaibou, wanda ya koma Lyon yana karatun dokta a kan tarihin sarakunan Jamus. Na zayyana masa halin da nake ciki.

"Haba Youssouf, kai wa ne?" in ji shi. "Hanri na Huɗu, sarki guda, Paparoma ya kore shi daga coci, hakimansa suka ce za su tuɓe shi. Ya je Kanosa ya tsaya a ƙofar gidan da Paparoma ya sauka, cikin ƙanƙara, ba takalmi, kwana uku."

"Aka buɗe masa?"

"Rana ta uku."

Nan na gane kuskurenmu. Mu da aka yi wa tarbiyya, ba ma shiga gaban babba da takalmi, amma muka zo ƙasar mutane muna tsaya wa Sarkin Ƙofa, mai gadin da ke raba tike, da tafka-tafkan takalma kamar sa'anninmu. To ina za a buɗe?

Laraba na cire takalmi na riƙe a hannu, ga ƙanƙarar Janairu tana zuba. Hajiya Rékia, mai sayar da atamfa a kasuwar Château Rouge, tana bayana a layi.

"Ƙanena, lafiyarka kuwa?"

"Hajiya, dabarar sarakuna ce. Turawa da kansu suka rubuta ta a littafi."

Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna, ta ce ita dai ba sarauta take nema ba, ta gyara safarta.

Sarkin Ƙofa ya fito da tike. Na tsuguna na gaishe shi, na tambayi gida da iyali da sanyi. Ya tsallake ni ya ba wani can baya. Alhamis ma haka, sai dai ya ɗauke ni hoto da wayarsa. Na ce alhamdu lillahi, an fara sanina.

Juma'a kuwa, wallahi kamar yadda littafi ya faɗa, ƙofa ta buɗe saboda ni kaɗai. Mutum huɗu suka fito da gudu, suka ɗauke ni cak. Ina ta yi musu godiya, ina ɗaga wa Hajiya hannu, sai na ga an wuce taga ta bakwai, an wuce ta takwas, an fita ta baya an cusa ni motar asibiti. Muna isa, abu na farko da suka tambaya takardar zamana. Ta mutu ran nan da tsakar rana. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Jiya Malam Chaibou ya hau jirgin ƙasa ya zo dubiya da ayaba. Na ce masa tarihinsa ƙarya ne.

"Ba ƙarya ba ne, ka kashe waya ban gama ba. Mai gidan da Paparoma ya sauka 'yar uwar sarkin ce. Uban sunansa ma yana ciki. Su suka yi ta roƙo har aka buɗe."

Ashe shi ma bawan Allah da mutanensa a ciki. Sanyin na ganin ido ne.

Patron ya ba wani aikina tun Litinin. Likita ya ce yatsu tara za su warke, na goman ana shawara. Saboda haka in akwai mai karatu da gwaggonsa ke zaune a bayan wata taga, ko da cikin masu hutun ce, ina ɗaki na sha biyu, kusa da banɗaki.