Kibiyar da Ta Kashe Muryar Habu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Tamanrasset ba, lokacin ina tsaron wani ɗan siber a bayan Kasuwar Assihar, inda mutane ke biya su yi hira da na nesa ta kwamfuta. Na zo daga Damagaram da niyyar leburanci, sai ɗan lekkol, wato boko, da na yi ya cece ni daga ɗaukar bulo. Ban daɗe ba na fara jin kaina injiniya (alhali abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne kashe inji in sake kunnawa).

Damuwata a aikin ɗaya ce. Layin sadarwarmu yana yawan yankewa, kuma da ya yanke sai manhajar hira ta fita, sai an je an danna 'yar alamarta da ke can ƙasa kusa da agogo, an zaɓi a sake shiga. Na gaji da tashi daga kujera. Sai na samo wata dabara, na rubuta ɗan umarni wanda zai riƙa ɗaukar kibiyar linzami, wato 'yar kibiyar nan mai yawo a gilashin kwamfuta, da kansa jifa-jifa, ya kai ta kan alamar ya danna, ya ɗan haura sama ya sake dannawa. Ban koya masa gane alamar ba. Wurin zamanta kawai na auna na ba shi. Don kada wani ya rufe mini shi, har na ɓoye tasa alamar. Ya yi aiki kuwa, na yi ta nuna wa mutane kibiya tana tafiya ba hannu, ina wani ɗaga kai.

A cikin kasuwa akwai wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa, kowa Baba Illa yake ce masa. Ɗansa Habu ya yi arewa da daɗewa bayan sun rabu baram-baram, daga nan ba amo ba labari, har wasu suka fara yi wa tsohon magana irin ta ta'aziyya. Kwatsam sai saƙo ya zo cewa Habu yana raye a ƙetaren teku, kuma wani da ya taimake shi zai ara masa kwamfuta na ɗan lokaci ranar Juma'a bayan masallaci. Habu bai iya rubutu ba, don haka da murya za a yi. Baba Illa ya zo da kansa ya tambaye ni ko injina zai iya. Na bugi ƙirji na ce ya bar komai a hannuna.

Da safiyar ranar wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfutocin suka tashi sabo. Abin da ban sani ba shi ne, waɗannan 'yan alamomin suna jeruwa ne bisa wadda ta riga tashi. Ranar sai alamar lasifika ta zauna a gurbin ta hira. Inda umarnina ke yin dannawa ta biyu kuwa, daidai kan ɗan akwatin kashe sauti ya faɗa.

Baba Illa ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, da abokan kasuwarsa a bayansa, suka cika ɗakin. Kira ya shigo. Muka ji murya ta fito daga lasifika, tana rawa, ta yi sallama ta ce, "Baba." Tsohon ya dafe tebur da hannu biyu. Habu ya fara wata magana, sai ɗif, murya ta ɗauke.

Nan take na yanke hukunci cewa matsalar daga can take, na kuma faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Na ce mutanen can ba su iya haɗa kaya ba. Don in nuna himma na shiga ƙarƙashin tebur ina jijjiga wayoyi. Ina can sai murya ta dawo, na fito ina kakkaɓe gwiwa kamar ni na gyara (har wani ya ce mini sannu da ƙoƙari). Ba a jima ba ta sake ɗaukewa, na sake komawa ƙasa. Haka muka yi ta yi, umarnina yana kashewa yana kunnawa, ni kuma ina rarrafe a ƙarƙashin tebur ina zagin layin ƙasar mutane. Abin da tsohon ya samu guntaye ne kawai, rabin gaisuwa, da sunan mahaifiyar yaron, da wani abu da ya yi kama da kuka.

Shi da bai san kwamfuta ba, idonsa na kan gilashin tun farko, domin nan yake ganin ɗansa yake. Ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗana, wa ka jan abin ga? Duk sa'ad da ya sauka ƙasa, yaron sai ya yi shiru."

Na ɗago. A gaban idona da idon kowa kibiyar ta taso ita kaɗai, ta gangara kusa da agogo, ta danna lasifika, ta haura ta kashe sauti. Mutanen da na sha yi wa baje kolin wannan kibiya suna tsaye a wurin, babu wanda ya buƙaci bayani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Baba, ni ne. Aikina ne." Na kai hannu in tsayar da umarnin, sai na tuna na ɓoye alamarsa, na rasa ta inda zan kama shi. Ana cikin haka mai kwamfutar can ya rubuto cewa lokaci ya kusa ƙarewa.

Baba Illa ya juyo gare ni. Tambaya ɗaya ya yi, ko yaron yana jin sa. Na ce yana ji, tamu lasifikar ce kawai a kashe. Sai ya matsa bakinsa kusa da abin magana ya ce, "Habu, ban jin ka, amma an ce kana ji na. In gahwara kake nema, na yahe maka duniya da lahira. Ni ma ka yahe mini." Ya yi masa addu'a, muka shafa. Na kunna sautin da hannuna, amma kiran ya riga ya yanke.

Ba a sake samun wannan damar ba. Kafin shekara ta zagayo Baba Illa ya koma Maraɗi da ciwo, can Allah ya yi masa rasuwa. Har yau ban san amsar da Habu ya bayar ba, kuma abin yana ci mini rai, domin na san ya bayar, ni na hana ta isowa.

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa a wuyan wani na ɗaura shi. Har gobe ina rubuta wa kwamfuta umarni, da shi nake ci. Amma duk sa'ad da abu ya lalace, kafin in buɗe baki in zargi na nesa, nakan fara duba abin da hannuna ya saki.