Gumurzun Cindo Mai Rake da Talotalon Iya Tasalla

Da sunan Allah muke buɗe tarihin sadauki ɗan sadauki, Cindo ɗan Nomau, jikan Bawale mai adda biyu, tattaɓa-kunnen Jatau wanda bai taɓa sayar da rake mai tsutsa ba sai ga baƙo. Sarkin Rake na bakin tashar Malumfashi, mai raba gaɓa da 'yar'uwarta, ma'abocin baro mai kuka, wanda rundunar ƙudaje ke yi wa mubaya'a tun hantsi.

Bayan haka, ku sani dukiyar Cindo a duniya ba baro ba ce, ba kuma adda ba. Wani tsohon kaset ne na bidiyo, fim baƙi da fari na mayaƙan Japan da ake kira samurai, masu ɗaure gashi a tsakar kai, kuma shi kaɗai ya rage a garin. Duk Juma'a bayan la'asar dattawan unguwa kan cika zaurensa. Babu mai jin ko kalma ɗaya ta yaren, babu wanda ya taɓa neman fassara. Jikoki sun sha nuna musu na zamani a waya, masu tashi sama da fashewar motoci, su ce wannan ai hauka ce. Abin da ke kawo su yana can ƙarshe: maza biyu su tsaya cikin ruwan sama, ba motsi, ba zagi, har mai kallo ya manta da goron bakinsa, sannan sara ɗaya tak, mutum ya kife. A nan Cindo kan share hawaye ya ce hayaƙin janareta ne.

To, a daminar bana fumfuna ta kai wa kaset farmaki. Ranar Juma'a Cindo ya kwance shi, ya zaro zaren ƙarshen fim ya shimfiɗa bisa tabarma ya sha iska, yana bin sa da auduga a hankali kamar mai wankan jariri. A daidai wannan sa'a ƙaddara ta turo ja'iri, mutakabbiri, jan wuya, dodon kaji, wato talotalon maƙwabciyarsa Iya Tasalla, wanda ya tsallako katanga ba sallama ya dira tsakiyar tabarma, zaren ya naɗe masa ƙafa.

Cindo ya auna lamarin. In tsuntsun nan ya zabura, zare ya tsinke, Juma'ar unguwa ta tafi ke nan. Sai ilmin shekaru ya taso masa: wanda ya fara motsi shi ke faɗuwa. Ya ɗauki adda, ya ware ƙafafu, ya ɗan durƙusa, ya kafe maƙiyi da ido. Maƙiyi ya baza jela, ya kumbura, ya kafe shi shi ma.

Haka suka tsaya, barde da barde, rana tana karkata, inuwar katanga tana rarrafe, ƙuda ya sauka a hancin Cindo ya yi hutunsa ya tashi, gwiwoyin ɗan Nomau suna neman sulhu zuciyarsa tana hana su, har dattawa suka iso, suka leƙo daga zaure, suka gane abin da suke gani, suka tsuguna a jere ba mai tari.

Malam Sallau tela ne ya yi raɗa. "Cindo, in sara za ka yi, ka yi bisimilla, kada ka bar wa Iya mushe."

Cindo ya ce, "Malam, ka yi shiru, yana jin Hausa."

Daga nan jinin Bawale ya motsa. Cindo ya yi wata kururuwa irin ta Japan wadda ya daɗe yana gwadawa a bayan gida, ya ƙara da "Sai ni na Nomau!", ya kawo sara ɗaya, sara mai tsafta wanda marubuta za su gaji da yabo. Shi kuwa talotalo a lokacin ya hangi kiyashi, ya sunkuya. Adda ta wuce ta sauka kan zare.

Maƙiyi ya fita ta ƙofa a natse, yana jan kamu guda na tarihin Japan a ƙafarsa.

Cindo ya zauna daɓas. Uwargidansa ta miƙo jan farce ta bayan labule, aka haɗa bakin zaren aka liƙe, aka tayar da janareta. Fim ya tafi lafiya har ƙarshe. Maza biyu suka tsaya cikin ruwan sama. Hoto ya ɗan girgiza, sai ga ɗaya kwance a taɓo, ɗayan yana mayar da takobi kube. Saran da ake taruwa dominsa yana can a ƙafar talotalo.

Can Malam Sallau ya gyara hula, ya jinjina kai.

"Ikon Allah. Tun muna samari muke kallon bawan Allahn nan, bana ya ƙara sauri."