Tafiyata Italiya da Akwatin Inna

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi, ranar da na yi bankwana da mutanen unguwarmu a Argungu a kan zan tafi Italiya. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a tsakiyar kasuwa nake, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. (Kuma mai tsawo irina, ramin da zai haɗiye shi sai an sha aiki.)

A lokacin na gama sakandare ina zaman jiran tsammani, sai wani kamfanin Turawa da ke gyaran hanya ya ɗauke ni aiki. Ba don ilimina ba, don tsawona. Aikina riƙe sandar awo: in tsaya can nesa cikin rana, safiyo, wato mai awon ƙasa, ya leƙo ni ta na'urarsa, ya yi mini alama da hannu in matsa gaba ko baya. Safiyon mutumin Italiya ne, sunansa Ranzo, mu kuwa muka ƙara masa Malam a gaba. Shi ne mutum na farko da sai na ɗaga kai kafin in ga idonsa. Yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu.

A bayan sansanin kamfanin ya sa aka kafa wani dogon ƙarfe, aka liƙa masa zobe. Kullum bayan la'asar shi kaɗai yake tsayawa yana jefa ƙwallo, tana shigewa ba ta ko taɓa bakin zoben. Wata rana ya ga ina kallo, ya wurgo mini ita. Na cafe da hannu ɗaya, ba don gwaninta ba, don dai kada ta fasa mini hanci. Ya tafa, ya ce, "Dogo! Hannu mai kyau!" Daga ranar na zama ɗalibinsa a ƙwallon kwando.

Turancinsa bai fi nawa ba, Hausarsa kuwa guntu-guntu ce, amma da baki da hannu ya ba ni labarinsa. Ashe a ƙasarsu wasan nan ne sana'arsa. Tun yana yaro a wani ƙaramin gari a gindin duwatsu wata ƙungiya ta babban birni ta ɗauke shi. Ya yi shekaru yana buga mata, daga wannan gari zuwa wancan, har aka kira shi gwajin ƙungiyar ƙasa. Saura kwanaki ya tafi, ya yi tsalle a wani wasa ya sauka a kan ƙafar wani, gwiwarsa ta goce. An yi masa aiki sau biyu, ba ta koma daidai ba. Sai ya koma makaranta ya koyi awon ƙasa.

Akwai hoton da ba ya rabuwa da shi. Yana sama a ciki, gashi buzu-buzu, ƙwallo a hannu, bayansa jama'a maƙil cikin wani ɗaki da ya fi masallacin Juma'armu girma. Shi idan ya kalli hoton sai ya shafa gwiwarsa. Ni idan na kalla sai kwaɗayi ya kama ni. Na fara ganin kaina a cikin ɗakin nan. Ina riƙe da sandar awo a bakin fadama, amma hankalina yana can inda dubban Turawa ke kiran "Dogo! Dogo!" Sau nawa Malam Ranzo ya yi ta ɗaga mini hannu ban gani ba.

To, ranar wata Laraba, bayan na jefa biyar a jere sun shiga, ya dafa kafaɗata ya ce, "Dogo, Asabar, ni, kai, mota. Kai wasa Italiya."

Na ce, "Ni? Italiya?"

Ya ce, "Kai! Italiya!" Har da ɗaga babban yatsa.

Jama'a, ku yi mini adalci, wa zai ji wannan ya tsaya tambaya? Ban san yadda na isa gida ba. Inna tana tankaɗe na faɗa mata. Ta ajiye rariya ta ce, "Ina ne Italiya? Ta wuce Makka?" Na ce ta wuce. Sai ta fashe da kuka. Kafin Alhamis labari ya gama unguwa, kafin Juma'a ya kai Gulma, inda Kawu, yayan Inna, yake karantarwa. Ya bar ɗalibansa ya taho.

Kawu ne kaɗai ya yi tambayar masu hankali. Ya ce, "To kai yaron ga, ina fasfo? Mu da munka tai hajji sai da anka yi muna fasfo." Na ce ai an gama, makon jiya aka ɗauke mu hoto a ofis. (Hoton katin shaidar aiki ne. Har mai gadi an ɗauka. Amma wanda ya ƙwallafa rai ba ya ganin mai gadi.)

Inna ta fito da akwatinta na ƙarfe, wanda ta zo da shi gidan aure. Ta cika shi da busasshen kifi, da yaji, da daddawa, da soyayyar shinkafa, ta ce ba ta yarda da abincin waɗanda ba ta san yankansu ba. Wani maƙwabcinmu tsohon soja ya ba ni rigar sanyinsa mai nauyi kamar bargo. Bayan sallar Juma'a liman ya sa aka yi mini addu'a. Na bi gida-gida ina neman gafara, har wanda ban taɓa yi wa laifi ba. Na je bakin gulbi na tsaya ina kallon ruwa da masu jirage, wai ina cika idona kafin in yi shekaru ban gani ba. Har hawaye na yi, wallahi.

Asabar da safe direban kamfani, Garba, ya zo da a-kori-kura, ya ce Bature ya riga ya wuce, shi aka ce ya ɗauko ni. Ya dubi akwati, ya dubi rigar sanyi a jikina ana tsakiyar zafi, ya dubi matan da ke kuka a ƙofar gida. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai Kawu ya shige gaba ya zauna, ya ce shi zai damƙa ni amana hannu da hannu. Garba ya tada mota.

Da muka fito bakin gari, maimakon hanyar Sakkwato inda filin jirgi yake, sai ya karya ta Birnin Kebbi. Kawu ya waiwayo. Na ce, "Takardu za mu karɓa, Kawu. Ai yanzu komi a Birnin Kebbi ake yi."

Muka wuce Zauro, muka shiga Birnin Kebbi, muka tsaya a wani filin siminti a bayan wata makaranta. Turawan kamfani huɗu 'yan Italiya, har da Malam Ranzo, suna miƙe-miƙe da gajerun wanduna. A ɗaya gefen, samari ne ma'aikatan gwamnati da aka dawo da su daga Sakkwato, su ma da nasu kayan wasa. An jingina allon makaranta a jikin bishiya, an raba shi biyu da alli. Gefe ɗaya an rubuta Kebbi, ɗayan an rubuta Italiya.

Na karanta allon nan ya fi sau uku. Na ƙirga Turawan. Huɗu ne, wasan kuwa mutum biyar ne kowane gefe.

Ina nan tsaye da akwati a ka, gumi na bin rigar soja, Malam Ranzo ya ƙaraso yana murmushi, ya nuna akwatin ya ce, "Dogo, mene ne?" Nan take Kawu ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce wa Garba, "Gaya mai ga ɗanmu nan, amana ce. Ya tsare mai sallarshi. Kuma tambaye shi, ƙarfe nawa jirgin ka tashi?"

Garba ya yi ƙoƙari, na ba shi wannan. Ya cije leɓe, ya dubi sama. Daga nan ya durƙushe a jikin mota yana dariya har da dukan taya. Samarin Kebbi suka matso, ya ba su labari cikin shessheƙa, fili ya ɗauka. Wani ya ce, "A buɗe wa baƙo hanya, ya sha tafiya!" A daidai lokacin murfin akwati ya ɓalle, kifin Inna ya watse a tsakiyar fili.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Kawu, wanda ya koma gindin bishiya yana jan carbi bai ko dube ni ba, sai Malam Ranzo. Da aka fahimtar da shi, fuskarsa ta yi ja. Ya sunkuya da gwiwar nan tasa mai ciwo ya taya ni tsince kifin. Muna tsugune ya ce a hankali, "Yi haƙuri, Dogo. Kai so tafi." Ya nuna ƙirjinsa. "Ni ma so koma. Kullum." Na gane ɗakin cikin hoton yake nufi, ba ƙasar ba, don ita ko gobe yana iya hawa jirgi.

Na buga wasan, tunda ba yadda zan yi. Ban jefa ko ɗaya ta shiga ba. Amma na ga Malam Ranzo ya manta da gwiwa na ɗan lokaci, ya ratsa mutum uku ya tashi sama, na ga mutumin cikin hoton da idona. Ya sauka ya dafe ƙafa, aka fitar da shi. Kebbi ta ci mu.

Kafin magariba muna gida. Tsakar gida cike da matan da suka zo taya Inna zaman kewa. Na shigo da akwati a ka. Inna ta share ido ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Har ka dawo? Ashe Italiyar kusa ta." Kawu ya ce, "Kusa ƙwarai. Bayan Zauro kaɗan."

Da aikin hanya ya ƙare Malam Ranzo ya tafi, ban sake jin labarinsa ba. Ni kuwa na koma noman shinkafa, daga baya na yi koyarwa har na yi ritaya. Yau jikokina ma Ɗan Italiya suke ce mini, ba su san dalili ba. Wani lokaci ina zaune a gona sai in tuna shi, in ce ko yana raye, ko akwai wani zobe a bayan gidansa da yake jefawa shi kaɗai.

Abin da na koya dai, idan kunne ya ji abin da zuciya ta daɗe tana so, a sa shi ya sake saurara. Kuma kafin mutum ya bi gari yana neman gafara, ya fara tambaya ko tafiyar ta kwana ce.