Uwar Surutu Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa inda za su sa kansu, ni da mutanen gidanmu muke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urata ta haɗa kiɗa, wadda aka fi sani da Uwar Surutu. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan gadon mahaifina, bayan rashin lafiyar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Maƙwabcinmu na bene, wanda ya sha dukan daɓensa da sandar goge-goge saboda ƙararta, mun yafe masa zuwa gaisuwa, don mun san murmushi zai ba shi kunya.

Ga wanda bai san marigayiya ba, faɗinta bai wuce na faranti ba. Maɓallan roba ne jere a cikinta masu kawo haske, sai 'yan abubuwan murɗawa a sama. Ka ba ta sauti ta riƙe, ta jera, ta yi ta maimaitawa har kai ka gaji. A gidan wankin kaya inda nake aiki na ɗebo mata yawancin muryoyinta. Dum ɗinta ƙofar babban injin wanki ce idan an maida ta da gwiwa. Tas ɗinta silifas ɗin ƙanwata ne a kan siminti. Tsss ɗinta kuwa tururin dutsen guga ne. Da ita nake shiga bas, da ita nake cin abincin rana, hannu ɗaya a cokali ɗaya a kanta.

Ba a yi wa mamaci ƙarya, tana da tsirfa wajen ci. Batir shida take lashewa kamar gyaɗa, in sun fara rauni sai fitilunta su dinga lumshe ido. Fawa banki sai da wata waya ta musamman. Wutar bango kuwa bolt tara kaɗai take karɓa, ta adaftar da aka haife ta da ita, in ka ba ta wata to ka ba ta guba ko da bakin ya shiga daidai. Ni kaɗai na san wannan a gidan, don ni kaɗai nake taɓa ta.

Baba ne ya raɗa mata suna, kuma ba don ƙauna ba. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin da a wurinsa duk ƙarar da ba ta inji ba ɓata lokaci ce. Ya sha cewa, “Gandamemen ƙato ya zauna yana latsa faranti.” Sai ciwon rawar jiki ya kama shi, ya sauka har ƙafa. Yakan tashi lafiya lau, ya zo bakin ƙofa, sai ƙafafun su liƙe a ƙasa kamar an zuba musu gam. Ya yi gumi, ya zagi ƙafar, ƙafar ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Wata safiya yana maƙale a bakin ƙofar ɗakinsa, ni ina falo da marigayiya tana ta dum, tas, dum, dum, tsss. Sai na ga ƙafar dama ta ɗaga. Ta hagu ta biyo. Ya ratsa falon har tagar baya bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Kiɗan nan ma ba na kirki ba ne, yatsana ya makara a bugu na uku ranar da na haɗa shi, na yi ƙyuyar gyarawa. Ashe wannan makarar ita ce daidai jan ƙafarsa ta hagu. Tun daga ranar, safe da yamma, marigayiya ke kai Baba banɗaki, ta kai shi taga, ta dawo da shi. Bai janye sunan ba, amma ya fara tambaya ko an ba ta batir.

Ranar ajali ina wurin aiki, Mama ta fita, ƙanwata na makaranta. Na bar masa ita kusa da filo. Ya latsa, fitilu suka lumshe, batir ya ƙare. Adaftarta tana can a soket ɗin falo, tafiyar da ba zai iya ba sai da kiɗan. Sai ya zare wayar rediyonsa da ke gefen gado, da hannun nan nasa mai rawa ya lallaɓa ya cusa mata. Bakin ya shiga. Kalamanta na ƙarshe, in ji shi, ɗan “fit” ne, sai ƙaurin roba. Mai gyara ya buɗe ta, ya sunsuna, ya mayar da murfi. Ya ce, “Maigida, har ƙwaƙwalwar ta tafi. Sai haƙuri.”

Ta rasu ta bar ƙaramar sifika, da hedifon mai kunne ɗaya, da jakar da zif ɗinta ya riga ta tafiya, da adaftar da har yanzu ke maƙale a bango ba ta san ta zama marainiya ba. Ta bar ni, da ba na iya zama. Wannan sanarwa a tsaye na rubuta rabinta. Ina buga tebur, ina buga murfin tukunya, ina buga cinyata a bas har na kusa da ni ya canja kujera, duk ina neman bugu na ukun nan na rasa. Na gwada haɗa kiɗan a wayar hannu, Baba ya saurara ya ce, “Wannan korata yake yi.” Ta kuma bar Baba, wanda tun Talata bai sauko daga gado ba sai an ɗauke shi. Ba ya cin abincin kirki, in na shiga sai ya juya fuska bango. Jiya ya ce da ni, “Na kashe maka abinka.” Na ce, “Baba, ai roba ce kawai da waya.” Amma tsoro nake ji. Wata ma'aikaciyar asibiti ta gaya mana ƙafar da ta daɗe a kwance takan manta hanya.

Game da jana'iza, gawa tana kan kujera a falo, an rufe ta da tawul mai tsabta. Za a kai ta shagon mai gyara, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Ba a sa rana ba, kuma ba za a sa ba, domin na rantse ba mai fitar da ita daga gidan nan sai Baba ya raka ta bakin ƙofa da ƙafarsa. Na gaya masa haka, ya ce ni ɗan banza ne marar kunya, wanda shi ne zance mafi tsawo da ya yi a makon nan.

Masu zuwa gaisuwa kada su kawo batir, mun gode. Su zo da tafin hannunsu, safe ko yamma. Ni zan buga tebur, ƙanwata ta riƙe silifas, ku ku yi tafi, mu yi ta lalube har mu dace. Wanda bai iya kiɗa ba shi muka fi so a gaba, ko Allah zai sa ya makara inda ya kamata. In kuwa ka iso ka tarar da tsoho a tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa yana gumi, kada ka gaishe shi, kada ka miƙa masa hannu. Ka matsa gefe ka ba shi hanya.