Ranar da Na Auna Jinin Dada

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kira ni unguwar Malam Inna in auna hawan jinin surukata ba. (Lokacin ba ta zama surukata ba tukuna, kuma bayan abin da na yi mata ban yi zaton za ta zama ba.)

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya a nan Gombe. Ni irin ɗaliban nan ce da malami zai koyar da su zango guda bai san muryarsu ba, sai dai rubutun hannunsu. A zangon muna karatu a kan damuwa da abin da take yi wa jiki, kuma babu darasin da ya taɓa kama ni kamarsa. Abin mamaki ne a ce tunani kawai, abin da ba a gani ba a taɓawa, ya aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙullutai da ke zaune a kan ƙoda, su zubo sinadari cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ƙafe, hanji ya rikice, jini ya kwarara zuwa hannuwa da cinyoyi don mutum ya gudu ko ya yi faɗa. Idan abin ya daɗe kuma, barci ya lalace, kai ya riƙa sarawa, jini ya hau ya ƙi sauka.

Na haddace duk wannan, amma kamar labarin wasu mutane nake karanta shi. A gidanmu na Tudun Wada da fulako aka raine mu. Ba a nuna tsoro, ba a nuna yunwa, ba a cewa wayyo a gaban mutane. Tunda fuskata ba ta nuna komai, sai na ɗauka damuwa ba ta san hanyar gidanmu ba.

To akwai Aliyu, wanda yake nemana. Manya sun fara magana, amma mahaifiyarsa, wadda suke kira Dada, ba ta taɓa ganina ba. Shi da bakinsa ya faɗa mini cewa idan Dada ta ce a'a, magana ta ƙare. Ana nan sai ƙanwarsa Jiddo ta kira ni a waya.

"Anti, Dada ta ce ki zo ranar Asabar ki auna ta. Kanta na sarawa."

"Ba akwai asibiti a bayan layinku ba?"

"Akwai mana. Amma na asibitin ba su ne za su shigo gidanmu ba."

Na gane. Ni za a auna.

Na yi shiri irin na jarrabawa. Na'urata ta hannu ce, mai maɗauri da robar hura iska da ɗan agogo, sai abin sauraren bugun jini da ake sa wa a kunne. Na yi ta gwaji a hannun ƙannena har suka fara ɓuya idan sun gan ni da jaka. Da safiyar Asabar na kasa haɗiye ko shayi, na yi ta zarya zuwa bayan gida. Na ɗora laifin a kan ɗanwaken da na ci jiya.

Da na isa, na durƙusa a bakin ƙofa, na jawo mayafi har kan tabarau. Ƙafafun Dada kawai nake gani, da lalle sabo a kansu. Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da kakata ta ƙauye. Ina amsawa harshena na mannewa a dasashi. Jiddo ta dire kwanon fura da nono a gabana. Ko kallonsa ban yi ba, don wace ce za ta sha fura a gaban uwar miji? (Abin ban dariya, wani ɓangare na ƙwaƙwalwata ya koma gefe yana kallona da sha'awa. Ga bushewar baki. Ga gumin tafin hannu. Ashe haka abin yake daga ciki.)

Matsala ta farko, ƙa'idar awo ta ce mai awo ya umarci mutum ya jingina, ya sauke ƙafa, ya daina magana. Ta yaya zan ba Dada umarni? Sai na raɗa wa Jiddo a kunne. Ita kuwa ta ɗaga murya.

"Dada, likita ta ce ki yi shiru."

"To," in ji Dada.

Na so ƙasa ta tsage. Jiddo ta ce bari ta duba tukunya, ta fita tana dariya, ta bar mu mu biyu.

Na matsa da gwiwa, na naɗa maɗaurin a damtsenta na hagu, na sa abin saurare a kunne. Yadda ake yi shi ne, kana jin bugun jini, sai ka yi ta hura iska har bugun ya ɗauke, sannan ka saki iskar a hankali kana duban agogo. Na ji bugun kuwa, ƙarara, da sauri kamar ana sakwara. Na fara hurawa. Bai ɗauke ba. Na ƙara. Yana nan. Gumi da numfashina a ƙarƙashin mayafi sun lulluɓe tabarau, allurar agogon ta koma dishi-dishi, ga hannuwana biyu duk a cikin aiki.

A raina na ce, Allah sarki, matar nan tana cikin haɗari ba ta sani ba. Har na fara tsara yadda zan faɗa wa Aliyu a kai ta asibiti yau, da yadda za a ce ni na ceto ta. Na ci gaba da hurawa da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Ashe bugun zuciyata nake ji a kunnuwana, ba na Dada ba. Da zan yi ta hurawa har la'asar ba zai ɗauke ba.

Ita kuwa Dada ko motsi. An ce ta yi shiru, ta yi. Kuma ita ma 'yar gidan fulako ce, ba za ta ce wayyo a gaban yarinyar da ɗanta ke nema ba. Ni kunya ta hana ni kallon fuskarta, ita kunya ta hana ta buɗe baki, hannu na tsakiya yana shan wuya.

"Anti," na ji muryar Jiddo a kaina, "hannun za ki tafi da shi gida ne?"

Na ɗaga kai, karo na farko tun shigowata. Yatsun Dada sun kumbura, faratanta sun yi shuɗi-shuɗi, hawaye ya taru a idonta, amma fuskarta kamar mai sauraren rediyo. Na kai hannu ga ɗan makunnin sakin iska, yatsuna suka zame, na murza shi baibai, ya ƙara ɗaurewa. (Wannan ma mun karanta. Idan tsoro ya zo, jiki yana ba manyan tsoka ƙarfi, ya ƙwace wa yatsu dabara.) Jiddo ce ta fizge maɗaurin. Ni kuma na zabura na miƙe, ban san ko haƙuri zan ba da ko gudu zan yi ba. Ciki babu komai, ga dogon durƙuso, ga miƙewa farat ɗaya. Ɗakin ya yi duhu daga gefe-gefe, ya rufe.

Na farfaɗo kaina a kan cinyar Dada. Mayafina na can gefe, tabarau a hannun Jiddo, ludayi a bakina. Sai da na shanye fiye da rabin furar kafin na tuna a gaban wa nake sha.

"Ba ki karya ba ko?" in ji Dada.

Na girgiza kai.

"Ni ma."

"Tun jiya take sharar ɗakin nan," in ji Jiddo. "Har lalle ta sa. Wai 'yar boko za ta zo ta raina mu."

"Ke, rufe mana baki."

"To Dada, me ya hana ki cewa da zafi?" in ji Jiddo.

"Likita ta ce in yi shiru. Na ɗauka na zamani haka yake."

A kwance a wurin, duk da kunyar da ke cina, wata tambaya ta hana ni sakat. Na buɗe baki na tambayi Dada tun yaushe kan nata ya fara sarawa. Ta yi ɗan tunani, ta ce tun da aka fara maganar auren nan. Wato ni ce ciwon kan.

Muka ci abinci, muka huta, na sake auna ta a ɗaya hannun, wannan karon ina kallon fuskarta. Jinin ya ɗan hau, na ce a kai ta asibitin bayan layi su ma su duba, don awon da aka yi bayan irin wannan artabu ba abin dogaro ba ne.

Na koma gida na tabbata magana ta mutu. Ban taɓa wayata ba sai washegari, na tarar da saƙon murya daga Jiddo, tana magana tana shaƙewa da dariya. Dada ba ta kiran sunan Aliyu saboda ɗan fari ne, sai ta ce mata, "Ki faɗa wa wancan, yarinyar tana da kunya. Kuma da irin ƙarfin hannun nan, tuwonta ba zai yi gudaji ba."

Har yau a gidan Anti Mai Famfo suke kirana saboda hura iskar nan, kuma duk sanda na ɗauko jakar, Dada sai ta ɓoye hannun hagu a cikin zani. Abin da na koya shi ne, fuska ce kawai ta iya fulako, zuciya da hanji ba su san shi ba. Yanzu kafin in ɗaura wa kowa maɗauri sai na karya kumallo, na goge tabarau, sannan na tsaya na tantance bugun wa nake ji.